Ali Nuhu biyu ne: na gaban kyamara da na bayan ta

A watan Janairu na 2024 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya mai hedikwata a Jos. 'Yan fim sun yi murna, kuma sun cancanci su yi, domin wannan ne karo na farko da aka ɗauko ɗan wasan Hausa daga cikin industirin Kano aka ɗora shi a kan wannan kujera. To amma duk wanda ya bi rubuce-rubucen da aka yi a lokacin zai ga abu guda: kirari ne zalla. Sarki Ali, Sarkin Kannywood, uban marayu, gagara badau. Ita kuwa sarauta matsalar ta kenan, da zarar an naɗa wa mutum rawani sai bakin masu sharhi ya mutu, ya zama saura maroƙa. Shekara ashirin da biyar mutum ya na aiki a gaban idon mu, ya fito a ɗaruruwan finafinai, ya ba da umarnin wasu masu yawa, ai ya wuce a sallame shi da kirari. Ya kai a zauna a auna aikin sa.

Ni dai a nawa awon, Ali Nuhu biyu ne. Akwai ɗan wasa, akwai darakta. Ɗan wasan ya fi daraktan nesa ba kusa ba, kuma abin da ya fi ɗaure kai shi ne, daraktan ne ya fi kowa danne ɗan wasan.

An haife shi a Maiduguri ranar 15 ga Maris, 1974. Mahaifin sa mutumin Balanga ne ta Jihar Gombe, mahaifiyar sa 'yar Bama ce ta Borno, ya tashi tsakanin Jos da Kano, ya yi digiri a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Jos, ya yi hidimar ƙasa a Ibadan. Wannan tarihi ba ado ba ne, shi ne ya raba shi da waɗanda ya tarar a harkar. Mutanen da su ka kafa fim ɗin bidiyo na Hausa, irin su 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa da su ka fitar da Turmin Danya a 1990, 'yan wasan daɓe ne da na talbijin, sai kuma marubuta littattafai da su ka juya labaran su zuwa kaset, kamar yadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi da In Da So Da Ƙauna a 1994. Wasan su wasan dandamali ne: ɗaga murya, wurga hannu, zare ido, a yi magana yadda na kujerar baya zai ji. Shi kuwa wannan yaro da ya shigo da Abin Sirri Ne a 1999 ba daga dandamali ya fito ba, daga gaban akwatin talbijin ya fito. Ya sha kallon Indiya ya ƙoshi, ya san cewa kyamara ba ta buƙatar ihu, da ɗan motsin gira ma ta na ganewa.

Shekarar nan ta 1999 ita ce shekarar da komai ya haɗu. A cikin ta aka fara buga mujallar Fim, a cikin ta kalmar Kannywood ta fara bayyana a mujallar Tauraruwa, a wannan tsakanin kuma kamfanin Sarauniya ya saki Sangaya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane irin ɓarin da Sangaya ya yi ba. Waƙar sa ta shiga gidan biki, ta shiga motar haya, ta tsallaka Maraɗi da Damagaram da Yamai. Labarin kuma ba wani dogo ba ne: ɗan sarki mai girman kai, baiwar gida da ya ke wulaƙantawa, sai asiri ya juya masa zuciya. Abin da ake mantawa shi ne rabin farko na fim ɗin, inda Ali ya fito a matsayin mai izza. Bai yi wa Fati Muhammad tsawa irin ta 'yan dirama ba. Kallo ya ke mata sama da ƙasa kamar ya ga abin ƙyama a takalmin sa, ya kau da kai. Wannan raini na cikin ido ya fi zagi ciwo, kuma a lokacin babu saurayin da ya iya shi a fim ɗin Hausa.

Sai Wasila a 2000, na furodusa Yakubu Lere, wanda Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni. A nan Ali ya zama Jamilu, mijin da matar da ya ke so ta ci amanar sa. Namiji Bahaushe da aka ci amana, a yadda aka saba nunawa, sai ya yi faɗa, ya yi saki uku, ya buga ƙofa. Jamilu kuwa karyewa ya yi. Mata sun yi kuka a ɗakunan su, samari sun kwaikwayi askin sa da shigar sa. Tun daga nan aka gane inda ƙarfin wannan ɗan wasa ya ke: mutumin da aka ji wa rauni a zuci, ya na ƙoƙarin kada a gani.

Ka riƙe wannan, mai karatu, domin za mu dawo kan sa. Finafinan nan biyu da su ka gina shi, duk wasu ne su ka riƙe masa linzami.

Da ya samu suna sai ya tsaya da ƙafar sa a kamfanin sa na FKD, wanda ya haɗa sunan daga haruffan farko na sunan mahaifiyar sa. FKD ya zo da tsari wanda babu shi a industiri: tsaftar hoto, kyawawan kaya, waƙa mai daɗi, fosta mai jan ido, da fitar da fim a kan lokaci. Dillalan Ƙofar Wambai ba su taɓa jin tsoron kaset mai tambarin FKD ba, domin sun san zai tashi. Sai dai labaran fa? Mujadala, inda wa da ƙani su ka faɗa son yarinya ɗaya, Dillagi ne na 1999. Khusufi na 2003, wanda shi da kan sa ya ba da umarni, Taal ne na Subhash Ghai. Wannan ba sirri ba ne, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya jera irin waɗannan finafinai da iyayen su na Indiya tun tuni, shi kuma Ali bai taɓa ɓoye ƙaunar da ya ke wa finafinan Indiya ba. 'Yan fim su ka raɗa wa abin suna wankiya.

Ba na cikin masu cewa wankiya zunubi ce. Tun da Kwarori su ka fara kawo finafinan Indiya gidajen sinima irin su Rex da Palace da Plaza, Bahaushe ya ga kan sa a cikin su: auren dole, kishiya, kunya, biyayyar iyaye, mai kuɗi da talaka. Su kan su Indiyawan wankiya su ke yi daga Amurka da Koriya, su wanke fim ɗin Tamil su mai da shi Hindi. Aro ba laifi ba ne. Tambayar ita ce, da ka aro rigar, ka rage mata tsawo ta zauna a jikin ka? Taal labari ne na 'yar mawaƙin ƙauye da ɗan attajirin birni, an gina shi kacokan a kan kiɗan A.R. Rahman da kuma yadda kamfanonin waƙa ke cinye masu basira. A ƙasar Hausa mu na da wannan labari a ƙofar gida, har ya fi na Indiya zafi, domin a nan ɗan maroƙi ko 'yar makaɗi ba ta auren ɗan sarauta sai an kai ruwa rana. Darakta mai ido da ya tsaya a kan wannan gyambo ya matsa shi. Daraktan Khusufi ya ɗauko soyayyar da rawar, ya bar gyambon a inda ya gan shi.

Wannan ya kawo mu kan maganar gida, wadda a gani na ita ce babbar alamar fim ɗin Ali Nuhu darakta.

Duk mai kallo ya san gidan. Katanga doguwa, get na ƙarfe, maigadi da ɗan benci, tsakar gida an shafe ta da intalok, motoci biyu ko uku a ƙarƙashin rumfa. A ciki falo ne mai kujerun leda, labule har ƙasa, matattakalar bene wadda yarinya za ta sauko ta na jan gyale, da teburin cin abinci da aka jera wa kuloli da lemon kwali wanda ba wanda zai sha. Gidan Nassarawa GRA kenan, ko da a Kaduna aka ɗauka ko a Abuja. Ita Nassarawa unguwa ce mai tarihi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 a can su ka fara zama, a wajen ganuwa, kusa da gidan shaƙatawar Sarki, su ka yanka filaye manya-manya su ka dasa itatuwa don su nisanci hayaniyar birni. Har gobe a can Gidan Gwamnati ya ke, shi ya sa ake Hawan Nassarawa da Sallah. Bayan Turawa sun tafi manyan ma'aikata da attajirai su ka gaje ta. Ka bi Sultan Road ko Lamido Crescent ko Alu Avenue da rana tsaka, ba abin da za ka ji sai kukan tsuntsu da ƙarar janareta. Unguwa ce da aka gina musamman domin kada a ji motsin Kano.

To fim ɗin da ya tare a wannan gida, shi ma ba ya jin motsin Kano. Ba ka ganin Kurmi, ba ka ganin Kantin Kwari, ba ka ganin ɗan garuwa ko layin awo a asibiti, ba ka jin maƙwabciya ta leƙo aron turmi. Ba a san sana'ar Alhaji ba, an dai ce ya na da kamfani, kullum ya na sa hannu a fayil. Yaro ya dawo daga Landan, ba a san me ya karanto ba. Talaka in ya shigo, ko dai direba ne, ko 'yar aiki, ko kuma yarinyar kirki da ake jira a aura a shigo da ita cikin daula. Kuma abin dariya, ba ma ainihin rayuwar GRA ake nunawa ba. Gidajen nan cike su ke da labari: rigimar gado bayan Alhaji ya kwanta dama, tsofaffin gidajen Turawa da ake rushewa ana yanka filin gida huɗu ko a gina plaza, 'ya'yan da ba su iya Hausa sosai ba, 'yan'uwa daga ƙauye da ke kwana a ɗakin baya shekara da shekaru. Wannan duk fim ne. Amma a wurin daraktan namu gidan bango ne kawai na ɗaukar hoto, an aro shi kwana uku an mayar.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Matar da ke cikin kulle a lungun Fagge ko Ƙofar Mazugal ba ta sayi kaset don a nuna mata kwatar ƙofar gidan su ba. So ta ke ta huta, ta ga labule mai kyau ta samu samfurin ɗinki. Gaskiya ne. Furodusa kuma kuɗin sa ya zuba, ba na gwamnati ba. Shi ma gaskiya ne. Sai dai a tuna, matan nan su ne dai su ka sayi Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, littafi da fim, labarin matar da miji ya kora da 'ya'ya tara, su ka karanta su ka ba maƙwabta aro har bangon ya yage. Mai kallon Hausa ba ta taɓa ƙin gaskiya ba in an iya faɗar ta.

Yanzu mu koma ga ɗan wasan, mu ga abin da ya faru da ya faɗa hannun wasu. A 2006 Izu Ojukwu ya saka shi a Sitanda, fim ɗin Turanci, a matsayin mijin da ke ɗora wa matar sa alhakin duk wata masifa da ta same shi. Da wannan ya ci kyautar jarumi mai tasowa a gasar AMAA ta 2007. Abin ya ba mutanen Kano dariya, wai mai tasowa, mutumin da ya shekara bakwai ya na sarauta a Arewa. Amma ta wata fuskar alƙalan ba su yi kuskure ba, domin wani sabon ɗan wasa ne su ka gani. Ya fito a Wetin Dey, shirin talbijin na BBC kan cutar ƙanjamau, ya fito a Last Flight to Abuja na Obi Emelonye a 2012, ya fito a Blood and Henna na Kenneth Gyang, wanda ya taɓo gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996.

Amma in za a tambaye ni rol guda da zan nuna wa baƙo in ce ga Ali Nuhu, Bello zan nuna masa, na cikin Confusion Na Wa, shi ma na Kenneth Gyang, wanda ya ci kyautar fim mafi kyau a AMAA ta 2013. Bello ƙaramin ma'aikacin ofis ne, mai gaskiya, mai sanyin hali, wanda kowa ya raina. Abokan aiki su na tura masa aikin su, oga na taka shi, matar sa na cin amanar sa da wani mai kuɗi, wanda Ramsey Nouah ya fito a matsayin sa. Babu waƙa, babu shadda mai maiƙo, babu mota. An rage masa kwarjini da gangan, an sa shi ya rankwafar da kafaɗa. Kalli yadda ya ke murmushin dole in an wulaƙanta shi, murmushin da bai kai ido ba, da yadda fushin ke taruwa a hankali har ya rasa inda zai zuba shi. Wannan Jamilun Wasila ne ya girma, aka cire masa kiɗan fiyano aka bar shi da duniya. Gyang ya ga abin da Ishaq Sidi Ishaq ya gani tun 2000, ya kuma yi amfani da shi fiye da kowa.

Shin Ali darakta ya taɓa ba Ali ɗan wasa irin wannan dama? A finafinan sa, in ya fito, ko dai shi ne saurayin da ake rububi, ko kuma, da shekaru su ka ja, uba mai dattako, yaya mai nasiha, Alhaji mai faɗa a ji. Kyamara na kallon sa daga ƙasa, haske na gyara masa fuska. Darakta ba ya yarda jarumin sa ya muzanta, tunda shi ne jarumin. Wannan ciwo ne da ke kama duk ɗan wasan da ya koma bayan kyamara, ba a Kano kaɗai ba. Waɗanda su ka warke daga shi su ne ake tunawa. Raj Kapoor, wanda shi ma ya kafa kamfanin sa ya na saurayi, ya mai da kan sa ɗan iskan titi kuma ɓarawo a Awaara a 1951. Guru Dutt ya mai da kan sa mawaƙin da 'yan'uwan sa su ka yi wa tofin Allah tsine a Pyaasa a 1957. Clint Eastwood na Amurka ya fito a tsohon makashi wanda hawa doki ma ya na ba shi wuya a Unforgiven a 1992, fim ɗin da ya ba shi Oscar ta darakta. Tunda Indiya ce makarantar Ali, ai waɗancan biyun na farko malaman sa ne. Ya ɗauki darasin rawa da waƙa a wurin jikokin su, ya tsallake darasin da su ka fi ƙwarewa a kai.

Yabon gwani ya zama dole, kuma akwai fagen da daraktan nan ba shi da na biyu: ido a kan sabuwar fuska. Marigayi Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007, a gefen sa ya tashi, har mutane da yawa su ka ɗauka uwa ɗaya uba ɗaya su ke. Nafisa Abdullahi da Sai Wata Rana ta fito duniya a 2010. Maryam Booth ta yi suna da Dijangala. Rahama Sadau ta hannun sa ta shigo a 2013. Lawan Ahmad yaron gidan ne. A 2017 ya ɗauko mawaƙi Umar M. Shareef da wata yarinya da ba wanda ya sani, Maryam Yahaya, ya ɗora masu Mansoor, kafin shekara ta zagayo sun zama taurari. Ba kowane babban jarumi ke yarda ya matsa gefe ya ba yaro fili ba. Da yawa sai sun tsufa su na rawa da sa'o'in 'ya'yan su. Ali ya san lokacin da ya dace ya bar fagen soyayya, ya bar shi da mutuncin sa. Ya kuma koya wa yaran nan zuwa lokeshan a kan lokaci, haddar layi, da yadda ake magana da 'yan jarida. A industirin da ba ta da makaranta, FKD ta zama makaranta.

Sai dai makaranta ce mai manhaja ɗaya. Kusan duk wanda ya fito daga cikin ta da salo guda ya ke fitowa: tattausar murya, langaɓar da kai, kallon ƙasa-ƙasa, hannu a ƙirji lokacin waƙa. Ƙananan Ali Nuhu na 2000 ake ta bugawa kamar bulo. Waɗanda su ka yi nisa a cikin su, sai da su ka je wasu hannuwan su ka karyo wani reshe, kamar yadda Maryam Booth ta yi a The Milkmaid na Desmond Ovbiagele a 2020.

Shi Mansoor ya cancanci a ɗan tsaya a kan sa, saboda lokacin da ya fito. Industiri ta riga ta sha wuya biyu. Ta farko ita ce rikicin 2007, lokacin da aka dakatar da shirya fim a Kano na tsawon watanni, Hukumar Tace Finafinai a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo ta ɗaure wasu, da yawa su ka kwashe kayan aiki su ka koma Kaduna da Jos. Ta biyu ta fi muni domin ba ta da ofishin da za a je a yi sulhu: kasuwar faifai ta mutu. Masu satar fasaha, masu tura fim a waya kan 'yan nairori, da finafinan Indiya masu fassarar Hausa irin na Algaita su ka haɗu su ka kashe ta. Wannan na ƙarshe akwai darasi a ciki. Shekara goma sha biyar ana sayar wa mutane Indiya ta aro, ran da aka kawo masu ta ainihi ta na magana da Hausa, da jiragen ta da duwatsun ta da faɗan ta, me za su yi da kwafi? A wannan hali Mansoor ya shiga sinimar da ke Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo, ya kuma nuna cewa matasan Kano za su biya kuɗin tikiti su kalli fim ɗin Hausa in an ƙawata shi. Hoton ya yi kyau, sautin ya fita, labarin yaron da ke neman asalin sa ya riƙe mutane. Wannan nasara ce, ba a ƙwace masa.

Abin da ya biyo baya ne ya sanyaya gwiwa. Ƙofa ta buɗe, ana jiran a ga da me za a shigo, sai ga Mujadala an sake yin sa a 2018. Wato wankiyar wankiya. An canza fuskoki, an canza kyamara, an ƙara wa gidan bene hawa, labarin na nan inda Sunny Deol ya bar shi a 1999.

A daidai wannan lokaci kuwa talbijin na can ta na nuna wata hanyar. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, wanda marubuta littattafai irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih su ka yi aikin rubuta shi. Garin Daɗin Kowa gari ne na malamin tsangaya, ɗan ƙwaya, 'yan gudun hijira, mai shayi, bazawara. Babu tauraro ko ɗaya a farkon sa, amma gidaje su ka riƙa yin tsit in an fara. Kwana Casa'in ya zo a 2019 da siyasa da aikin jarida, Falalu Ɗorayi ya zo da Gidan Badamasi, wanda ya ɗauki gidan mai kuɗin nan dai ya mai da shi filin rigimar 'ya'ya masu jiran gado, Aminu Saira ya zo da Labarina. Ashe dai ana iya shiga gidan attajiri a fito da labari. Ali bai tsaya a baya ba, ya fito a Izzar So na yaron sa Lawan Ahmad, ya kuma shirya nasa mai dogon zango, Alaƙa. Aikin a tsaftace ya ke kamar kullum, 'yan wasan sun san aikin su. Amma in ka rufe ido ka saurara, falon nan ne dai, da matattakalar nan, da sirrin iyali da za a tona a kashi na gaba.

Ga masu karatun littafi, a nan ne takaicin ya fi yawa. Kano gari ne da marubuta su ka yi wa yawa. Tun daga zamanin Raina Kama zuwa matasan da ke rubutu a waya yau, akwai labarai dubbai da aka gina a kan kishi, gado, saki, almajirci, fatauci, zaman bariki. Mutumin da ya fi kowa ƙarfin faɗa a ji a industiri, wanda in ya ɗaga waya kowane marubuci zai amsa, ya fi yawan waiwayar Mumbai a kan ya waiwayi teburin mai littafi a bakin kasuwar Sabon Gari. Da ya ɗauki littafi guda mai nauyi duk bayan shekara biyu ya zuba masa irin tsaftar aikin FKD, da yanzu maganar da ake yi daban ce.

Kujerar da aka ba shi a 2024 ba ta darakta ba ce, amma ta na buƙatar idon darakta. A ƙarƙashin hukumar nan, wadda aka kafa a 1979, akwai makarantar koyon fim ta Jos, inda Kenneth Gyang ɗin nan ya yi karatu, akwai bikin finafinai na Zuma, akwai kuma ma'adanar finafinai ta ƙasa, inda aka tono Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976 aka gyara shi har aka nuna shi a Berlin a 2018. Shaihu Umar ya yi sa'a, a kan fim na sinima aka ɗauke shi. Finafinan da su ka yi Ali Nuhu kuwa a kan kaset ɗin bidiyo su ke, shi kuwa kaset zafi na cin sa, ƙura na cin sa, damina na sa masa fumfuna. Kamfanoni da yawa na wancan zamani sun rufe, masu su wasu sun rasu, dillalan sun koma sayar da waya da caja. Yaron da aka haifa a 2005 in ya nemi Sangaya ko Wasila yau, abin da zai samu a YouTube kwafi ne na kwafi, hoto ya dushe, sauti na shaƙewa, wani wurin an yanke. Kallon rainin nan da ɗan sarki ya yi wa baiwa, wanda na ce babu saurayin da ya iya shi a 1999, da ƙyar ake iya gane shi a fuskar.